Tsara ƙaramin reshen layin dogo a kan katako: tambayoyi da amsoshi daga Tawa

Duk wanda ya tashi a Adar ya san motar kara da motar gwangwani da yara ke ƙerawa, amma kaɗan ne suka taɓa ganin ƙaramin jirgin ƙasa mai tafiya da lantarki a kan siririn layin dogo da aka shimfiɗa bisa katako. Tun da na kafa nawa a ɗakin zaure nan Tawa, baƙi da ƴaƴan maƙwabta suke ta yi mini tambayoyi, kuma waɗanda suka fi yawan dawowa su ne na tattara a nan, domin mai sha'awar farawa ya tsara abinsa kafin ya kashe ko dala.

Wane ma'auni ya dace da wanda ba shi da babban ɗaki?

Ma'aunin da ake kira N shi ne shawarata. A cikinsa ana rage komai sau 160, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan layin milimita 9 ce. Daga kalmar tara ta harsunan Turai harafin ya samo asali. Kamfanin Arnold na Jamus ne ya yaɗa shi a farkon shekarun 1960. Mutum mai tsawon mita 1 da santimita 70 yana komawa ɗan fiye da santimita 1, taragon kaya mai mita 12 kuma ya koma santimita 7 da rabi. Ma'aunin HO, wanda ya fi kowane yaɗuwa a duniya, ragi ne sau 87 da tazarar milimita 16.5, saboda haka yana cin kusan ninki biyu na tsawo. Akwai kuma Z, wanda kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, ragi sau 220 da tazarar milimita 6.5, sai dai a ganina bai dace da ƙasarmu ba, domin kan jirginsa ba shi da nauyi, ƙura kaɗan ta isa ta tsayar da shi.

Me ya sa reshe, ba babban layi ba?

Babban layi yana buƙatar dogayen jirage da manyan tashoshi, alhali katako mai mita 1 da santimita 20 a ma'aunin N mita 192 kawai yake wakilta. Reshe kuwa ɗan layi ne guda da ke ɓallewa daga babban layi ya nufi wani gari ya tsaya can, kamar wanda ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya ƙare a Ƙaura Namoda, ko na Kano zuwa Nguru, waɗanda aka shimfiɗa a zamanin Turawa musamman saboda gyaɗa da auduga da fatu. A irin wannan layi jirgi mai tarago huɗu ba abin mamaki ba ne, kuma kan jirgi ɗaya ya wadatar.

Shin ba sai layin ya zagaya ya dawo inda ya tashi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma a kanta na yi kuskurena na farko. Na fara da da'ira a kan tebur, na zauna ina kallon jirgi yana bin jelarsa, kuma kafin mako ya cika na daina kunna shi, saboda babu inda yake zuwa, babu abin da yake kaiwa. Ban da haka da'ira tana da cin wuri. Idan nisan da ke tsakanin tsakiyar lanƙwasa da layin ya kai santimita 28, to faɗin katakon sai ya kusa santimita 65 in an bar ɗan gefe, kuma idan aka matse lanƙwasar fiye da kima dogayen taragai sukan goce ko su yi kama da abin wasan yara.

Abin da na koma yi shi ne tashar ƙarshen layi a kan dogon katako mai faɗin santimita 30, wanda ake iya ɗorawa a kan kanta jikin bango. Jirgi yana fitowa daga wani ɓoyayyen fage da ke bayan tudu ko bayan wani gini, wanda ke matsayin sauran duniya, ya shigo tasha, kan jirgin ya saki taragai, ya bi layin gefe ya zagayo ta ɗaya ƙarshen, ya tura kowane tarago inda za a sauke shi, ya kwashi waɗanda aka yi wa lodi, sannan ya koma. Aikin da ba ya wuce taku biyu a ɗaki yakan cinye rabin awa cur, kuma mai tuƙi yana tunani a kowane motsi. Saboda haka kafin a zana layi ko ɗaya, ya kamata a fara amsa tambayar abin da tashar ke karɓa da abin da take fitarwa.

Tsawon nawa ake buƙata a zahiri?

Lissafin yana farawa daga jirgin da ya fi tsawo. Tarago huɗu santimita 30 ne, don haka layin zagayen sai ya sami kamar santimita 35 a sarari, yadda kan jirgi zai wuce bai goge su ba. A ƙara masauya biyu, wato wuraren da layi ɗaya ke rabuwa biyu, kowanne kusan santimita 13, sannan a bar ɗan guntun layi na santimita 12 zuwa 15 a can ƙarshe inda kan jirgin zai tsaya kafin ya juyo. Ɓoyayyen fagen kuma dole ya ɗauki jirgin gaba ɗaya, kimanin santimita 45. Da mita 1 da santimita 20 abin zai shiga a matse. Da mita 1 da rabi kuwa tashar za ta sami sararin numfashi.

Wanda bai da ko wannan wurin yana iya bin tsarin Inglenook, wanda wani Baturen Ingila mai suna Alan Wright ya shahara da shi: masauya biyu kacal da layuka uku, ɗaya mai ɗaukar tarago 5, biyu masu ɗaukar 3 kowanne. Ana zuba tarago 8, a zaɓi 5 ta hanyar ƙuri'a, a jera su bisa tsarin da ƙuri'ar ta bayar, kuma jerin da zai iya fitowa ya kai 6,720.

Wane gari za a kwaikwaya, tun da jirgi bai taɓa zuwa Tawa ba?

Gaskiya ne, layin dogon da ke cikin Nijar shi ne na Yamai zuwa Doso, mai kusan kilomita 140, wanda aka ƙaddamar a 2016, kuma a da kayan da ke tasowa daga Kwatano a jirgi a Faraku ta ƙasar Benin suke tsayawa, manyan motoci su ƙarasa da su. Amma wannan fasaha ta yarda mutum ya ƙaga layin da babu shi, muddin ya yi kama da gaskiya. Nawa reshen na ɗauka ya taso ne daga Ƙonni ya ƙare a wani ƙauyen Adar. Yana fitar da albasa irin ta Galmi da shanu, yana shigo da sumuntin Malbaza da man fetur, kuma waɗannan kaya huɗu su suka ba ni layuka uku na gefe: ɗaya gaban rumfar albasa, ɗaya gaban turken dabbobi, ɗaya na sauke kaya.

A nan ne mu muka fi Bature sa'a, domin abin ado yana ƙofar gida. Buhunan albasa na yi su da ƙwayar shinkafa da na shafa wa jan fenti, rumbu kuma da ɗan dunƙulen yumɓu da bai kai kan yatsa ba, aka yi masa jinka da zaren igiya. Gawo da adduwa ana murɗa su da siririyar wayar jan ƙarfe da aka zaro daga tsohuwar igiyar wuta. Ƙasar fage jan yashi ne da aka tankaɗe da rariya, aka kafe shi da farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa. Sai dai a ratsa maganaɗisu cikin yashin tukuna, saboda burbushin ƙarfen da ke ciki yakan manne wa injin jirgi ya lalata shi.

Ai layin Yamai mita 1 ne faɗinsa, ko milimita 9 ta dace da shi?

Ba ta dace daidai ba. Mita 1 idan aka raba ta sau 160 milimita 6.25 ce, shi ya sa masu tsanantawa ke aron layin Z, amma jiragen wannan tsari ba su da yawa kuma suna da tsada. Mutanen Japan, waɗanda yawancin layukansu milimita 1,067 ne kamar tsohon layin Najeriya, sun daɗe da amincewa da milimita 9 a ragi sau 150, kuma kamfanoninsu Kato da Tomix a kan haka suke ƙera kaya. Mai farawa ya bi sawunsu.

Yaya za a yi da ƙura da zafi?

Jirgin yana shan wuta ne daga ƙarafan layi ta ƙafafunsa, don haka ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba. Tun a zane ya kamata a tanadi murfi, ko na gilashi ko na katako mara nauyi, kuma wannan ma wani dalili ne na fifita siririn katako a kan faffaɗan tebur, tun da rufe shi ya fi sauƙi. Kafin kowane wasa a goge layi da ƙyalle mai ɗan alkol na kantin magani. Kada a sa masa takardar yashi, domin ƙarzar da take bari ita ke tara datti daga baya.

Zafi kuma yana miƙar da ƙarfe. Na taɓa shimfiɗa layi a watan Janairu na matse mahaɗai ƙam, da Afrilu ta zo sai na tarar ya yi ɗan doro a tsakiya, taragai suna ta gocewa a wurin. Yanzu ina barin tazara kamar kaurin katin ziyara a wasu mahaɗai, kuma ba na yarda rana ta faɗa wa katakon ta taga. Shi kansa katakon a yi masa firam a ƙasa don kada ya lanƙwashe, a shafe shi da fenti ciki da waje, a kuma nisanta shi da ƙasa saboda gara.

Idan an ɗauke wuta fa?

Jiragen N na yau da kullum ba sa wuce bolt 12, kuma abin da suke ci kaɗan ne ƙwarai. Batirin da ake caja da hasken rana yana iya ɗaukar su, muddin an sa na'urar rage gudu a tsakani.

Me za a fara saye?

Kada a sayi komai tukuna. Kayan nan sai an yi saƙo daga waje ko ta hannun matafiyi, kuma masauyin da aka sayo na hagu alhali na dama ake buƙata yana iya tsayar da aiki wata biyu. A manna takardu har su kai girman katakon, a shimfiɗa a kan tabarma, a zana layukan da girmansu na ainihi, sannan a yanka kwali guda shida masu tsawon santimita 7 da rabi da faɗin santimita 2 a matsayin taragai, da guda mai santimita 10 a matsayin kan jirgi. A tura su da yatsa, a yi dukan aikin tashar daga shigowa har fita sau uku ko huɗu. Duk inda kwali ya hau kan ɗan'uwansa, a goge a sake zane a wurin, sannan a ƙidaya masauyan hagu da na dama a rubuta cikin saƙon.