Sakin sauro don a rage sauro: yadda abin yake

Jama'a da dama sun ji labarin masana na kiwon sauro a ɗakin bincike suna sakinsa, hankalinsu ya tashi. To, abin da za a fara riƙewa shi ne namijin sauro ba ya cizo, ruwan furanni yake sha. Macen ce ke neman jini don ƙwai, kuma galibi sau ɗaya take barbara a rayuwarta, ta adana maniyyin. A nan dabarar ta ta'allaƙa: in namijin da ta gamu da shi yana da illa, ƙwanta duka sun lalace.

Tsohuwar hanya ita ce a kiwata ƙwaron da yawa, a haska shi da tururin nukiliya har ya kasa haihuwa, sannan a saki mazan. Da haka aka kawar da ƙudan tsando daga tsibirin Unguja na Zanzibar a 1997. Wahalarta awo. In hasken ya yi yawa, namijin ya raunana, mazan daji su riga shi ga mata. In ya yi kaɗan, wasu su ci gaba da haihuwa. Ga kuma aikin ware jinsi: a sauron Aedes mai yaɗa dengi da shawara, macen ta fi namiji girma kafin su yi fiffike, don haka ana tace su da rariya. A sauron maleriya, Anopheles, bambancin bai kai haka ba, kuma duk macen da ta sulale cikin waɗanda aka saki, mai cizo ce.

Kamfanin Oxitec ya bi wata hanya. Ya sa wa namijin ƙwayar gado da ke kashe 'ya'ya mata tun suna tsutsa. A ɗakin kiwo ana zuba maganin tetracycline a ruwansu don danne ta, a waje kuwa babu maganin. An saki irinsa a Brazil, da jihar Florida ta Amurka a 2021, da Jibuti a 2024. Wannan da ta farkon duk sai an yi ta maimaitawa, da an daina sakin, sauro ya dawo.

Ta uku ce ke bukatar natsuwa. A bisa al'ada rabin 'ya'ya ne ke gadon wata siffa daga uba. Da fasahar CRISPR, wadda ke yanka ƙwayar gado a wurin da aka zaɓa, ana iya sa siffar ta kwafi kanta zuwa ɗaya ɓangaren gadon, kusan dukkan 'ya'ya su ɗauke ta, ta bazu kamar wutar daji. A 2018 masana a Imperial College da ke Landan sun taɓa ƙwayar gadon da ke tantance jinsi, matan suka kasa cizo da yin ƙwai, sauron da ke cikin keji ya ƙare cikin zuriya 7 zuwa 11. Keji ke nan fa. A daji, jikin sauro kan gyara wurin da aka yanka ta wata siga daban, a samu masu turjiya su yawaita. Sannan sauro bai san iyakar ƙasa ba, kuma janye shi bayan an saki abu ne mai wuyar gaske.

Wanda shirin Target Malaria ya saki a ƙauyen Bana na Burkina Faso a 2019, maza 6,400 ne marasa haihuwa, ba mai bazuwa ba. Duk da haka, a watan Agustan 2025 gwamnatin ƙasar ta dakatar da shirin. Yardar mutane da ta hukuma wani sashe ne na aikin kansa.

In aka zo yankinku da irin wannan, ku tambaya: wane sauro ne, wace hanya ce cikin ukun, wace hukuma ta ba da izini, wa zai sa ido bayan saki, har tsawon wane lokaci. Ba a yi sakin don ya maye gurbin gidan sauro ba, domin nau'in sauro guda kawai yake taɓawa, alhali masu yaɗa maleriya sun fi ɗaya. A ci gaba da kwana cikin gidan sauro mai magani, a kife duk mazubin da ke tara ruwa, a kai mai zazzaɓi gwajin jini cikin awa 24.