Yaushe Ya Kamata a Fara Yi wa Karsana Barbara?

Masu ajiye shanu a bayan gida sun ƙaru a Kaduna, daga Rigachikun har Kujama, kuma wanda duk ya sayi karsana yana ɗokin ganin maraƙi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan.

Karsana za ta kai shekara nawa kafin a haɗa ta da bijimi?

Ya danganta da irinta da kuma abin da take ci. Bunaji, wato farar saniyarmu, idan tana ƙoshi takan isa barbara tsakanin shekara 2 zuwa 2 da rabi. Wadda ke bin garke a daji, tana shan wuyar rani, sau da yawa sai ta kai shekara 4 ko 5 kafin haihuwar fari. Tsantsar Friesian, wato saniyar madara ta Turawa, a ƙasashensu ana yi mata barbara tana da wata 15, ta haihu tana da shekara 2. Ruwa-biyu, irin haɗin Friesian da Bunaji da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa (NAPRI) da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana aiki a kansa, tana tsakaninsu. Amma ni abin da na fi so mai kiwo ya riƙe shi ne girman jiki. Ƙa'idar masana ita ce karsana ta kai kusan kashi biyu cikin uku na nauyin babbar saniya irinta. Idan uwarta tana da kilo 300, ita ta kai wajen 200.

Ba ni da sikeli, ta yaya zan gane?

Tsayar da ita kusa da uwarta ka duba tsayi da faɗin ƙugu. Sannan buɗe bakinta. Idan haƙoran gaba guda biyu sun famfare, manya sun fito, ta kai shekara 2 ko ta ɗan wuce. Likitocin dabbobi kuma suna da tef da ake zagaya ƙirji da shi a ƙiyasta nauyi.

Ai ta fara neman namiji, wannan bai isa ba?

Bai isa ba, kuma nan ne mutane suka fi yin asara. Karsana takan fara kuka, tana hawan 'yan'uwanta, majina na zuba daga gabanta, alhali ƙashin ƙugunta bai gama buɗewa ba. Idan ta ɗauki ciki a haka, abincin da ya kamata ya gina jikinta sai ya rabu biyu, ita ta tsumbure, ɗan ma ya zo da rauni. Ranar naƙuda maraƙi na iya maƙalewa, a rasa shi, wani lokaci har da uwar. Ko ta tsira, nononta ba ya yawa, kuma takan daɗe ba ta sake ɗaukar ciki ba. Neman namijin yana dawowa kusan duk kwana 21, don haka babu abin da ya wuce ka idan ka ƙyale na farko da na biyu. Sai dai a raba ta da bijimin garke, domin shi ba ya jiran shawarar kowa.

To idan ta wuce shekara 3 shiru fa?

Yawanci yunwa ce. A ƙara mata harawa, dusa, ƙowar wake da anguryar auduga, musamman daga Janairu zuwa Afrilu, a ajiye mata gishirin lasa. A yi maganin tsutsar ciki da kaska, a kuma gwada jininta saboda sammore, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa a dazukan kudancin jihar. Jinkiri ma asara ne, tana ci ba ta biya.

Wane wata ya fi dacewa?

Cikin saniya wata 9 ne da 'yan kwanaki. Idan aka yi barbara a Agusta ko Satumba, lokacin da ta murmure da ɗanyar ciyawa, za ta haihu a Mayu ko Yuni, daidai faɗuwar damina, ta samu abincin da za ta shayar.

Wane irin bijimi za a ba ta?

Matsakaici, mai lafiya, wanda ba ubanta ko ɗan'uwanta ba. A guji bijimin garken da shanunsa ke yawan ɓari, domin cutar bakkale tana yaɗuwa a garke, har mutum yana kamuwa da ita ta ɗanyen nono. Idan barbarar allura za a yi, wato a ɗura mata maniyyin bijimi ba tare da ya hau ta ba, a gaya wa ma'aikacin cewa haihuwar fari ce, ya zaɓi irin da 'ya'yansa ba sa zuwa da girma sosai.