Ciyaman a Jihar Kaduna

Ciyaman, ko shugaban ƙaramar hukuma, shi ne jami'in da ke riƙe da mulki mafi kusa da talaka. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓun kansiloli 255. Birnin Kaduna kansa ya rabu tsakanin huɗu: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Chikun da Igabi.

Asali

Tushen wannan kujera yana cikin En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa suka yi mulki ta hannunta. A wancan lokaci En'en Zazzau tana da baitulmali nata, da 'yan doka, da gidan yari, da kotunan alƙalai. Dagaci ya tara haraji da jangali ya miƙa wa hakimi, hakimi ya kai Zariya. Ma'aikacin En'e kan fara ne daga malamin makaranta ko magatakarda, ya yi ta hawa a hankali, kuma kowa a gari ya san gidan da ya fito. Marigayi Alhaji Shehu Idris ya bi wannan hanya: ya koyar, ya zama sakataren Sarkin Zazzau Muhammadu Aminu, ya riƙe sakataren majalisar En'e a wajen 1965, aka naɗa shi Ɗan Madami kuma hakimi, kafin ya hau gadon sarauta a 1975.

Garin Kaduna ya fita daban. Tun da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, jami'in gwamnati ne ya riƙa lura da shi, kuma a wajen 1956 aka ware shi a matsayin yankin babban birni. Ana cewa kalmar kantoma, da har yau ake kiran shugaban riƙo da ita, ta samo asali ne daga muƙamin Baturen da ke shari'a a bariki.

A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka, gidajen yari da kotuna daga hannun En'e. Gyaran 1976 kuwa ya kawo tsari bai ɗaya a faɗin Najeriya, ya mai da sarakuna masu ba da shawara. Da Balarabe Musa ya zama gwamna a 1979 ya soke haraji da jangali. Talaka ya numfasa, amma daga nan ƙaramar hukuma ta ƙara dogara da kason da ke zuwa daga tarayya.

Aiki da hidima

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, magudanan ruwa da kwashe shara, sannan ta sa hannu a ilimin firamare da asibitin sha-ka-tafi. Wannan a rubuce ke nan. Abin da jama'a suka fi aunawa shi ne ko ana iya ganin ciyaman. Tun da asuba za a tarar da mutane a ƙofar gidansa: wannan riƙe da takardar magani, wancan ya zo kan taransifomar unguwa da ta ƙone, ga dattawa da ke neman a katange maƙabarta. "Ranka ya daɗe" za a fara, sai a gangaro kan buƙata. Ciyaman da ya haƙa rijiyar burtsatse, ya tsaya a jana'iza, ya zaunar da manoma da makiyaya kafin damina, shi ake ambato da alheri ko bayan ya sauka. A gari irin Kaduna, inda rikicin 2000 ya raba unguwanni, tara limamai da fastoci a zaure ɗaya hidima ce da ta kai gina titi.

Zaɓe

Wa'adi shekara uku ne. A 2018 Kaduna ta zama jiha ta farko da ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura. A zaɓen Oktoban 2024 APC ta lashe duka kujeru 23, 'yan adawa suka ƙi amincewa.

Kuɗi

An daɗe ana jayayya kan asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta ba kantomomi kuɗin tarayya.