Neman diyyar rai a kotu: tambayoyin da iyalan mamata suke yawan yi a Abuja

Waɗannan tambayoyi ne da ake kawo mini ofis a kai a kai, galibi bayan lokaci ya riga ya ƙure, shi ya sa na tattara amsoshinsu wuri ɗaya domin in huta da maimaici.

Shin neman diyya bai saɓa wa yarda da ƙaddara ba?

Bai saɓa ba. Alƙur'ani ya ambaci diyyar kisan kuskure a Suratun Nisa'i, aya ta 92, malaman fiƙihu kuma sun ƙayyade ta da raƙuma 100 ko dinare 1,000. Wanda ya yafe ya kyauta, amma rabonsa kaɗai yake da ikon yafewa.

An kama direban da ya buge mahaifinmu. Mu jira a gama shari'arsa?

Kada ku jira. Shari'ar laifi tsakanin gwamnati ce da wanda ake tuhuma, ƙarar neman diyya kuwa taku ce, ku za ku shigar da ita a babbar kotu, kuma doka ta yanka mata wa'adi daga ranar rasuwa. Gaskiya ne dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba alƙali damar umartar mai laifi ya biya diyya, amma ku tuna matasa shida da 'yan sanda suka kashe a unguwar Apo ta Abuja a 2005, sai a 2017 aka yanke hukunci a kan kisansu.

Me za mu fara yi?

Ku tattara takardu tun ana zaman makoki: shaidar likita mai bayyana dalilin mutuwa, rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra, lambar motar da takardar inshorarta, rasit na asibiti, da lambobin wayar waɗanda abin ya faru a gabansu. Ban ce a jinkirta yi wa mamaci sutura ba, amma babu dalilin da zai sa a fita da gawa daga asibiti ba tare da likita ya rubuta komai ba, sannan a zo mini bayan shekara da labarin baki.

Mai motar ya zo da dattawa ranar sadakar uku, ya ba da kuɗi, kawunmu ya sa hannu a wata takarda. Shi ke nan an rufe magana?

Wannan ita ce tambayar da ba na amsawa sai na ga takardar da idona, domin amsar ta rataya ne a kan abin da aka rubuta, da wanda ya sa hannu, da halin da ya sa hannun a ciki. Idan kuɗin gudummawar jana'iza ne aka miƙa a ambulan ba tare da sharaɗi ba, bai hana ku zuwa kotu ba, sai dai mai yiwuwa a lissafa shi cikin abin da aka riga aka biya. Idan kuwa takardar ta ce an karɓi kuɗin a matsayin cikakkiyar diyya, kuma an janye kowace ƙara, lamarin ya yi nauyi, saboda kotu tana mutunta sulhun da baligai suka ƙulla da son ransu, ba ta kuma warware shi don kawai kuɗin ya yi kaɗan.

Duk da haka ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba. Abin da lauya zai fara tambaya shi ne, da wane iko kawun ya sa hannu? Kasancewarsa babba a gida bai mayar da shi wakilin matar mamaci da 'ya'yanta a idon doka ba, musamman idan akwai ƙananan yara, waɗanda kotu takan yi taka-tsantsan da duk wani sulhu a kan haƙƙinsu. Sannan idan an rubuta takardar da Turanci, wanda ya dangwala yatsa bai iya karatu ba, kuma babu alamar an karanta masa an fassara, wannan ma hujja ce da ake iya tsayawa a kanta. Haka nan idan a caji ofis aka yi zaman, ana matsa wa mutane su sa hannu kafin a saki gawa. Sai dai duk waɗannan abubuwa ne da ku za ku tabbatar da shaida, alƙali kuma yana iya gamsuwa, yana iya ƙin gamsuwa, saboda haka ba zan yi muku alkawari ba. Ku kwantar da hankalinku, ku kawo takardar, kada kuma ku ƙara karɓar ko sisi kafin a duba ta.

Wa ya kamata ya shigar da ƙarar?

Wanda kotu ta ba takardar kula da dukiyar mamaci, a madadin iyalan duka. Idan babu shi, ko wata shida ya wuce bai yi komai ba, iyalan suna iya shigarwa da kansu. Ƙara ɗaya doka ta yarda da ita, don haka uwargida da amarya su daidaita tukuna.

Idan jami'in gwamnati ne ya yi kisan fa?

A nan ne jinkiri ya fi cutarwa, domin dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar a kai ƙara. Amma idan aka bi ta hanyar tauye haƙƙin rayuwa da ke sashe na 33 na tsarin mulkin 1999, ƙa'idojin kotu na 2009 kan ƙarar haƙƙin ɗan Adam sun ce wa'adi ba ya hana sauraron irin wannan ƙara. Akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Maitama, wadda a 2014 ta umarci a biya naira miliyan 10 ga iyalan kowane ɗaya daga mutum takwas da jami'an tsaro suka kashe a wani kango a Apo a 2013. Sai a 2018 aka biya, wato samun hukunci daban, kuɗi ya shigo hannu daban.

A wurin aiki ya rasu.

Ku nemi haƙƙinsa a hukumar NSITF, mai kula da asusun inshorar ma'aikata, ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kafin shekara ta cika, ku kuma tambayi kamfanin da yake yi wa aiki batun inshorar rai ta ma'aikata, wadda dokar fansho ta 2014 ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara.

Nawa za mu samu?

Duk lauyan da ya faɗa muku adadi a zaman farko, ku tashi. Kotu tana duba shekarun mamaci, da abin da yake samu, da waɗanda yake ciyarwa, ba yawan kukan da aka yi ba. Idan direban ba shi da komai, a haɗa da ubangidansa a ƙarar, a kuma sanar da kamfanin inshora da wuri. Naira miliyan 3 da kuke ji a inshorar motar nan ta naira 15,000 iyakar ɓarnar dukiya ce, ba kuɗin rai ba.

Ba mu da kuɗin lauya.

Ku je Hukumar Ba da Agajin Shari'a, tana da ofis a Abuja. Idan kuwa lauya ya yarda a biya shi kaso daga abin da aka samu, a rubuta kason a takarda, kowane magaji baligi ya sa hannu kafin a shiga kotu.