Gubar Dalma a Zamfara: Tambayoyi da Amsoshi Kan Binciken da Ya Gano Abin da Ke Kashe Yara

Akwai binciken da ake yi don a ƙara ilimi kawai, akwai kuma wanda ake yi saboda wata matsala ta tsaya wa jama'a a wuya, ana neman abin yi gobe da safe. Annobar gubar dalma da ta auka wa ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 tana cikin misalai mafi bayyana na iri na biyu, domin ta haɗa lafiyar yara, kariyar masu aiki da makomar karatu a wuri guda.

Yaya aka fara gane akwai matsala?

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suna zagayen sa ido kan sanƙarau, sai suka riƙa samun labarin ƙananan yara suna mutuwa fiye da ƙima. Alamun kusan iri ɗaya ne: amai, ciwon ciki, kasala, sai jijjiga, yaro ya sume, ya cika. A wannan yanki duk wanda ya ga haka zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau zai fara kawowa a ransa, kuma maganinsu aka fara bayarwa. Bai yi aiki ba. Abu na biyu da ya ja hankali shi ne mutuwar ta taru a ƙauyukan da ake sarrafa dutsen zinare, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 take ɗauka, manya suna tsaye. Da aka aika jini ɗakin gwaji a Turai, sai aka ga dalma ce, wadda mutanen yankin ke kira darma.

Mazauna ƙauyukan sun riga sun ga wata alama tun kafin nan: agwagi sun ɓace daga kududdufai. Ba wanda ya haɗa wannan da ciwon yara sai daga baya. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai yake tambayar halin dabbobin gida, ba na mutane kaɗai ba.

Me ya haɗa zinare da dalma?

Dutsen da ake haƙowa a wasu ramukan yankin yana ɗauke da zinare da dalma a jiki ɗaya. Da farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya bayan 2008, manoma da yawa suka koma haƙa. Zinaren ba ya fita sai an mayar da dutsen gari: a farfasa da guduma, a niƙa, a wanke a kan dardumar da ke kama ƙwayoyin masu nauyi, a haɗa da zaiba, a ƙona. Wurin niƙa ne masifar take. An yi amfani da injin niƙan hatsi ana niƙa dutse a bushe, ƙura na tashi kamar hazo. Aka kuma shigo da aikin cikin gida, mata na daka dutse a turmi, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Binciken da masana duwatsu na Amurka suka yi ya ƙara fito da wani abu: yawancin dalmar ta riga ta rikiɗe zuwa nau'in da ke narkewa da sauƙi a ruwan ciki. Wato ba yawanta kaɗai ba, har da irinta.

Me ya sa yara suka fi manya shan wahala?

Yaro mai rarrafe ƙasa ce duniyarsa, hannu kuma kullum yana baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yaro na tsotse dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da cikin babba ke tsotsewa. Jiki yana ɗaukarta a matsayin sinadarin da ke gina ƙashi, kuma yaron da ke fama da ƙarancin jini ko yake wuni da yunwa ya fi tsotse ta. Ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta gama ƙosawa ba. Idan gubar ta yi yawa sai ƙwaƙwalwa ta kumbura, daga nan jijjiga take zuwa.

Wane irin aiki masu binciken suka yi a ƙasa?

Tawagar da ta haɗa jami'an lafiya na tarayya da na jiha, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shiga ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani, Dareta da 'Yargalma, gida-gida. A kowane gida ana tambaya: yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara 5, nawa suka rasu cikin wata 12 da suka wuce, sun yi jijjiga kafin su rasu, ana sarrafa dutse a cikin gidan, wa ke yi, daga ina ake ɗibar ruwa. Sannan a ɗebi jinin yara, a auna ƙasar gidan. Sakamakon ya nuna cikin yara 463, an rasa 118 a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka gwada sun kai matakin da ke buƙatar magani. Kusan biyu cikin uku na gidajen ana aikin dutse a cikinsu.

Ƙasa ana auna ta da na'urar hannu mai suna XRF, wadda ake kafa bakinta a kan ƙasa ta ba da lamba cikin ƙasa da minti biyu. Ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin don wurin wasan yara shi ne kashi 400 cikin miliyan. A wasu wuraren niƙa an samu fiye da 100,000. Ba a auna wuri ɗaya a ce an gama da gida: sai an bi zaure, tsakar gida, ɗakin kwana, madafa, gindin turmi da bakin rijiya, domin gida guda na iya zama da kusurwa mai tsabta da wata mai kisa.

Gwajin jini ma ya zo da nasa cikas. Ƙaramar na'urar da ake zuwa da ita ƙauye tana tsayawa ne a maikirogiram 65 cikin desilita guda na jini; abin da ya wuce nan sai ta nuna "ya yi yawa" kawai. Alhali akwai yaran da nasu ya haura 300, kuma likita na buƙatar sanin wa zai fara kwantarwa. Dole aka ɓullo da hanyar surka jinin da wanda aka tabbatar ba shi da dalma, a auna, a ninka lissafin. Wani kuskuren da ake gudu shi ne huda yatsa: ƙurar da ke fatar yaro na iya shiga ɗigon jinin ta ba da lambar ƙarya. Saboda haka ko a wanke hannu da sabulu sosai, ko a ɗebi jinin daga jijiya, wanda ya fi tabbas.

Tunda akwai magani, me ya hana a raba wa kowane yaro?

Nan ne mutane da yawa suka ga kamar an yi rowa, alhali binciken ne ya tsara abin da zai gabata. Maganin, DMSA, ƙwaya ce da ake sha, tana kama dalmar da ke cikin jini ta fitar da ita ta fitsari. Tsarin da aka saba shi ne kwana 19: sau uku a rana na kwana 5, sannan sau biyu a rana na kwana 14, gwargwadon nauyin yaro. Ana ba wanda jininsa ya kai 45 ko ya wuce.

Idan aka gama wa yaro magani aka mayar da shi tsakar gidan da ya kwaso gubar, an yi ɗiban ruwa da kwando. Cikin 'yan makonni jinin zai koma yadda yake. Shi ya sa MSF ta kafe a kan cewa sai an share ƙasar ƙauye kafin a fara ba yaransa magani a gida. Waɗanda ke bakin mutuwa kuwa aka kwantar da su a asibitocin Anka da Bukkuyum, nesa da ƙurar. Ko a gida mai tsabta ma lambar kan sake hawa bayan an gama shan magani, saboda dalmar da ta taru a ƙashi tana sake zubowa cikin jini a hankali. Yara da yawa sai da aka maimaita musu zagaye bayan zagaye, wasu har shekaru.

Ita kuma iyakar 45 ba a kafa ta da ka ba. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka, aka buga sakamakonsa a 2001, ya nuna cewa bai wa yaran da dalmar jininsu ke tsakanin 20 da 44 wannan magani ya rage dalmar jininsu, amma bai ƙara musu komai a gwajin basira ba. Maganin na ceton rai. Ba ya dawo da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa.

Yaya ake share ƙauye daga guba?

Da fartanya, shebur, buhu da baro, ba da wata na'ura mai tsada ba. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, masu aikin tsabtace muhalli daga Amurka, ne suka tsara aikin tare da ma'aikatar muhalli ta jiha, mutanen ƙauye kuma su suka yi shi da hannunsu. Sharaɗi na farko: a fitar da duk injin niƙa da buhunan dutse zuwa bayan gari. Sai a kwashe kayan gida, a kankare saman ƙasa kimanin santimita 5, a sake ɗora na'ura a tabbatar an kai ga mai tsabta, a zuba sabuwar ƙasa da aka gwada tun daga inda aka haƙo ta, a daɓe. Gurɓatacciyar kuma a binne ta a ramin da aka keɓe. Ɗakuna a share, a wanke, inda ya kamata a yi daɓen siminti.

Abin da ya fi wuya ba ƙasar ba ce. Gidajen na kulle ne, ba a shigar da ƙarti tsakar gidan mutum sai da yardar maigida, da sa bakin sarki, dagaci da limami. Bayanin da ya shafi girki da renon yara kuma sai mata 'yan'uwansu ne za su iya kai wa matan gida. Kududdufai ma sun zama matsala, domin a nan ake wanke garin dutse, daga nan kuma ake ɗibar lakar tubali.

An gama ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013 saboda jinkirin sakin kuɗi daga gwamnatin tarayya, yaranta suna zaune ba magani. Jimilla an kwashe fiye da mita-kubik 27,000 daga gidaje da wuraren aiki 820, kuma matsakaicin dalmar jinin yara ya sauko daga 149 zuwa 15 cikin shekara huɗu. An ƙiyasta yara aƙalla 400 ne suka rasu.

To me ya sa hana haƙar kawai ba zai wadatar ba?

Mutumin da dutse ke ba shi a mako abin da gona ba ta ba shi a wata ba zai bari don sanarwar rediyo ba. Abin da hani ke haifarwa shi ne ɓoyo, kuma wurin ɓoyo mafi sauƙi shi ne cikin gida, inda ake son a fitar da aikin tun farko. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. A can ne aka gwada canza yadda ake aikin: fesa ruwa a bakin injin yayin niƙa, wanda ya rage ƙurar dalma a iska da kusan kashi 95 cikin ɗari.

Sauran matakan ba su da tsada, sai dai suna son horo. Wurin niƙa ya kasance nesa da gidaje da rijiyoyi. Kayan aiki su kwana a wurin aiki. A yi wanka, a sauya tufa da takalmi kafin a doshi gida, domin uba na iya kai wa jaririnsa guba a wuyan riga. Kada a ci abinci a gindin injin. Buhun da ya ɗauki dutse kada ya ɗauki gero, injin da turmin da suka taɓa dutse kada su koma wa hatsi. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙura mai laushi. Ruwa ne ke kwantar da ita. Ƙona zaiba a ɗaki kuwa wata guba ce daban mai cin kanta.

Yaran da suka tsira fa, me zai same su a makaranta?

Waɗanda suka yi jijjiga mai tsanani wasu sun makance, wasu sun kurmance, wasu sun shanye. Amma mafi yawa babu abin da ido zai gani a jikinsu. Sai an shiga aji abin ke fitowa: jinkirin magana, rashin natsuwa, saurin mantuwa, saurin fushi. Babu wani mataki na dalma a jini da aka tabbatar ba ya cutarwa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce da zarar yaro ya kai 5 a nemo inda yake samun ta a toshe.

Malamin boko ko na allo da ke koyarwa a irin waɗannan garuruwa ya kamata ya san tarihin, kada ya ɗauki yaron a matsayin daƙiƙi ko mai taurin kai ya bi shi da bulala. Abin da ke taimakawa shi ne zama a gaba, umarni ɗaya a lokaci guda, maimaici da yawa, da duba ji da gani. Akwai kuma batun 'yan matan da suka sha gubar suna ƙanana a 2010, waɗanda yanzu suka kai aure: dalmar da ke ƙashi kan sauko cikin jini lokacin goyon ciki ta isa ga ɗan tayi. Ya dace a faɗa wa ma'aikaciyar awo daga wane ƙauye mace ta fito.

Wanda ba ya kusa da ramin zinare, wannan ya shafe shi?

Ya shafe shi ta wasu ƙofofin. Wani kwallin da ake sa wa jarirai daga dutsen dalma ake niƙa shi, yaro ya murza ido ya kai hannu baki. Masu fasa tsofaffin baturan mota suna narka dalma a unguwa, masu ƙera tukwane daga tarkacen ƙarfe, da wasu fenti masu launin rawaya ko ja duk hanyoyi ne da aka sani. Tafasa ruwa ba ya kawar da dalma. Idan yaro na yawan ciwon ciki, ya ɗashe, ya daina abin da ya riga ya iya, ko ya yi jijjiga aka gwada ba a ga zazzaɓin cizon sauro ba, a gaya wa likita sana'ar da ake yi a gidan da maƙwabta, a nemi gwajin dalma a jini, a kuma kai ƙannensa da yayyensa 'yan ƙasa da shekara 5 a gwada su tare.