Waiwaye: Daga Farke Ciki Zuwa Siririn Bututu a Maganin Mugunyar Hanta

A 1938 likitocin tiyata Alton Ochsner da Michael DeBakey na birnin New Orleans a Amurka suka tattara bayanan masu fama da taruwar mugunya a hanta. Akasarin majinyatan rasuwa suke yi, kuma da yawansu matasa ne da afendis ya ruɓe musu, ƙwayoyin cuta suka bi jijiyar jini daga hanji suka sauka a hanta. Magani a wancan zamani guda ne: a farke ciki a kwashe.

A 1953 likita McFadzean da abokan aikinsa a Hong Kong suka zuƙe mugunyar da allura, suka haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, majinyata 14 duk suka warke. Duk da haka likitoci ba su yi rububin bin su ba, kuma da gaskiyarsu, domin soka allura a hanta ba tare da ganin ciki ba lalube ne cikin duhu. Sai da sikanin da hoton CT, wato na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki, suka yaɗu daga shekarun 1970 hanyar ta zauna da gindinta.

Yanzu likita na kallon hoto, ya kashe wurin da allura, ya zura siririn bututu ta fata har cikin ramin mugunyar. A bar shi kwanaki yana tsiyaya cikin jaka, majinyaci kuma ya yi makonni huɗu zuwa shida a kan magani. Idan ramin ya haura santimita 5, bututun ya fi zuƙa da allura tasiri. Sanadin ma ya sauya: toshewar hanyar matsarmama ce kan gaba, masu ciwon suga kuma sun fi shiga haɗari.

Abin da ke damuna a Katsina shi ne jinkiri. Mutum na zazzaɓi da rawar ɗari da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, sai a ce taifot ne ko shawara, a yi ta zaryar kemis da shan jiƙo har ya galabaita, alhali sikanin na 'yan mintuna zai nuna ramin. Ga kuma wani rikicin: a yankinmu ƙwayar atini ma tana haddasa irin wannan ciwo, ita kuwa sau da yawa maganin metronidazole kaɗai ke warkar da ita ba tare da bututu ba. Rarrabe su aikin gwaji ne a babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, shi ya sa mai jinya daga Daura ko Mani ya kamata ya nemi takardar turawa tun a makon farko.