Hasken hotunan da ke fitowa a gilashin mota: tambayoyin da aka dame ni da su

Tambayoyin nan kullum su ne dai ake maimaitawa. Ga amsa a wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Mene ne wannan hoton da ke fitowa a gilashin gaba?

Ƙaramin majigi ne a ɓoye gaba da sitiyari. Yana harba hoto, madubai su faɗaɗa shi, gilashin gaba ya dawo da shi idon direba, sai ka ga kibiyar nuna hanya kamar a kan kwalta take kwance. HUD ake ce masa.

Sabon abu ne?

A'a. Daga jiragen yaƙi aka aro shi, kuma tun 1988 kamfanin General Motors ya sa shi a motar Oldsmobile Cutlass Supreme. Abin da ya shigo daga baya shi ne ɗora hoton daidai kan abin da ke titi, irin na Mercedes S-Class ta 2020 da Volkswagen ID.4, inda hoton ke bayyana kamar mita 10 a gaban direba.

Me ya sa kibiyar ba ta da inuwa, sai ka ce tana shawagi?

Don majigin haske kawai yake iya ƙarawa, ba ya ragewa. Ɗauki tocila ka haska bango, za ka ƙara masa haske, amma ba za ka taɓa haska masa duhu ba. Duk inda aka zana baƙi a hoton, majigi ba ya fitar da komai a wurin, sai titi kawai ka gani. Inuwa kuwa baƙi ce. Akwai dabarar haskaka gefen wurin don tsakiyar ta yi kamar ta yi duhu, amma idan rana ta take ba ta wani tasiri.

A allon da ke cikin mota, wanda ke nuna bidiyon kamara, labarin daban ne. Can hoton gaba ɗaya a hannun kwamfuta yake, tana iya zana inuwa. Inda rana take ma lissafi ne mai sauƙi daga GPS da kwanan wata da agogo. Gajimare da dogayen gine-gine ne ke rikita lissafin, dole sai kamara ta duba.

To ba gara a yi hoton kamar gaske ba?

Haba malam. Tuƙi kake yi. Kibiyar da ba a bambance ta da fentin titi haɗari ce, don direba na buƙatar sanin wanne ne na na'ura tun kallon farko. Abin da ya fi damuna shi ne ko tana zaune inda ya kamata. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa. Jinkirin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya isa ya kauda kibiya kusan mita 3 daga kwanar da take nunawa.

Hoton yana dushewa da rana. Na'urar ce ta lalace?

Wataƙila, amma da wuya, kuma kada ka yi gaggawar kashe kuɗi. Fara da tabarau ɗinka. Idan irin mai tace ƙyallin titi ne, mai yiwuwa shi ne mai laifin, don hasken da ke dawowa daga gilashin gaba irin wanda aka ƙera shi ya tare ne. Cire shi ka duba, ko ka karkata kai kaɗan, idan hoton ya dawo ka gano. Na ce mai yiwuwa, don wasu sababbin motoci an rage musu wannan matsalar.

Idan ba shi ba ne, duba saitin haske, ƙila wani ya rage. Duba kuma ko an rufe ɗan idon da ke auna hasken waje da takarda ko ƙura, don da shi motar ke sanin ko dare ne ko rana. Tazarar ba ƙarama ba ce: a ma'aunin haske da ake kira luks, tsakar rana tana kai luks 100,000, farin wata bai kai luks 1 ba. Sannan zamanka: hoton daga wani ɗan taƙaitaccen wuri ake ganinsa, ɗaga kujera ko sauke ta na iya fitar da idonka daga ciki.

Wani lokacin kuma babu abin da ya lalace. Rana a fuska, ko farar babbar mota a gabanka, sai hoton ya kasa cin ƙarfinsu. Wasu na'urorin ma da kansu suke rage haske idan sun yi zafi, don madubai na tattara rana su mayar da ita kan majigin. Idan duk an duba kuma hoton na dushe har a inuwa, to nan ne za a je gareji.

Na canza gilashin gaba, yanzu hoto biyu nake gani.

An sa maka gilashin da ba na HUD ba. Na asalin akwai siririyar roba a tsakiyarsa mai ɗan kauri ta sama, ita ke haɗe hotuna biyun da fuskar gilashin ta ciki da ta waje ke dawo da su. Koma wurin wanda ya sa.

Zai lalata mini ido?

Kwantar da hankalinka. Hoton a nesa yake bayyana, ido ba ya ma wahalar sauya kallo daga titi zuwa kusa. Idan ya dame ka da dare, rage hasken.